Ragon Indo a Kan Tsinken Sakace

Duk shekara idan Sallah ta matso sai samari sun zo sun cika min benci. Su ƙura wa hannuna ido na ɗan lokaci, can sai ɗaya ya gyara murya ya ce, "Baba Ilu, don Allah ka koya mana tsiren nan kafin Sallah mana." Na bana har cewa ya yi shi ya riga ya gane kan abin, ai nama ne da tsinke da wuta, haɗin yajin kawai yake so in faɗa masa. Na ce masa gaskiyarsa, gini ma ai ƙasa ce da ruwa. Ban ji haushinsa ba, don ni ma da irin wannan hankalin na shigo sana'ar, kuma za ku ji da kunnenku cewa furfura ba ta raba ni da shi duka ba. Tunda kun ƙi barina in huta, to ga labarin. Mai ɗaukar darasi ya ɗauka, mai dariya ma ban hana shi ba.

Ni ba ɗan mahauta ba ne. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye can wajen Baure. Da ya lura duk kunyar da na kama a gona sai ta karkace, sai ya ce wannan yaron ba da fartanya zai ci abinci ba. Ya sa ni a gaba har Daura, ya damƙa ni a hannun Baba Tanko mai tsire a bakin tasha, ya ce ga amana. Ni kuwa murna ta cika min ciki, a tunanina daga ranar na yi ban kwana da miyar kuka ba nama.

Aikin farko da aka ba ni fiƙe tsinke ne. A faskara gora, a tsaga ta siri-siri, a fiƙe baki, a kankare jikin har ya yi santsi, don kada sartse ya shiga bakin mai ci. Idan aka tashi kasuwa in bi ƙasa in tsince waɗanda aka yar, in wanke su da toka, in shanya. Damina biyu ta wuce ina wannan, tsakanina da nama sai ido da hanci. Bayan tsinke aka ƙara min matsayi, aka ɗora ni a kan itace. Wata rana Baba Tanko ya aike ni in sayo marke ko ƙirya, na tarar da wata mata tana sayar da darbejiya a rabin kuɗi. Na ɗauko dami ina tafe ina yabon kaina, na ce yau maigida zai san ya samu yaro mai wayo. Shi kuma ya tafi jana'iza ya bar ni da hura wuta. Hayaƙin darbejiya ya shige cikin naman nan, duk direban da ya gatsa sai ya tofar ya kalle ni. Da Baba Tanko ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni, ya tara min tsiren a gaba, ya ce, "Bismillah, tunda kai ka dafa." Ranar na fara ƙoshi da nama a rayuwata, ranar kuma na kwana ina riƙe da ciki.

Ranar da aka fara miƙa min wuƙa, cinyar sa ce aka ajiye min a kan katako. Ku da kuke kallo daga benci kuna ganin yanka ne kawai. To kafin wuƙa ta taɓa nama sai ka duba inda tsokar ta nufa, ka zare jijiya, ka ware kitse gefe, sannan ka kwantar da wuƙar kana buɗe tsokar sala-sala. Idan salar ta yi kauri, baya ya ƙone ciki ɗanye. Idan ta yi siriri da yawa, ta bushe ta koma tamkar takalmi. Ni ranar rabi na yi kauri rabi na yi siriri, na ƙara da wani yanki na babban yatsana na hagu, wanda har yau ga tabonsa. Baba Tanko ya duba aikin ya ce aƙalla yatsan na yanka shi daidai.

Daga yanka sai jerawa a tsinke, sai ƙuli. Ƙuli-ƙulin da za a daka dole ya zama wanda aka matse mansa sosai, in ba haka ba da ya ji wuta zai yi baƙi ya yi ɗaci. A tankaɗe shi, a haɗa da citta da masoro da kanumfari da barkono da gishiri, a danna naman a ciki da tafin hannu har ya kama, a yayyafa man gyaɗa. Kada ku tambaye ni awo, ban taɓa aunawa ba. Sannan a kai tukuba. Tukuba ita ce wannan tudun toka da kuke gani, wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da ita sun ɗan sunkuya. Harshen wuta ba ya taɓa tsire, zafinta ne yake gasa shi a hankali. Saboda haka mai tsire rabin hankalinsa yana kan iska. Idan ta juya, ka juya da ita, na wannan gefen su koma wancan, kana yi kana amsa gaisuwa kana korar ƙuda.

Sai sunaye. Abokan arzikinmu na kudu suna kiran komai suya, yanzu har 'ya'yanmu sun kwaikwaya, alhali mu ba ma soya komai, suya ai ta masu ƙosai ce. Wanda aka tsire a tsinke da ƙuli shi ne tsire. Wanda aka gasa a kan waya ba tsinke, da gishiri da kitsen jikinsa, shi ne balangu. Kilishi kuwa sai ya sha rana, an tsoma shi a labu, wato kwaɓin ƙuli da yaji, ya sake shan rana, kana ya ga wuta sama-sama. A cikin tsiren ma kowa da nasa. Alhazai tozo suke tambaya. Mata masu jego ana aiko musu a sayi hanta, a sa kitse tsakani. Yaran mota tantaƙwashi suke so, mai jijiya-jijiya, don da ɗan kuɗi kaɗan mutum zai yi ta tauna daga nan har Zango. Idan mai saye ya tsaya, daga takalminsa ya kamata ka san wanne zai kira.

Akwai kuma abin da ba a sayarwa, wato ɗanɗano. Duk wanda ya tsaya gaban tukuba, kafin a yi maganar kuɗi sai ka yanko 'yar tsoka loma guda, ka dangwala mata yaji, ka ajiye masa a bakin faranti. Ya saya ko bai saya ba, wannan hakkinsa ne. Mahaucin da ya buɗe baki ya nemi kuɗin ɗanɗano ya gama zubar da mutuncinsa a garin, har jikokinsa sai an yi musu gori. Muna da wani ɗan kwamisho a tasharmu, Malam Hudu, wanda tun ina saurayi kullum da la'asar sai ya zaga tukubobi kaf yana karɓar nasa. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Gishiri ya ɗan gaza, bari in je in dawo." Ban taɓa ganin dawowar ba, ban kuma taɓa hana shi ba.

Tukubar Baba Tanko tana gindin wata tsamiya, daidai inda motocin Kano da na Mai'adua suke lodi. Duk tashar babu wuri kamarta, don fasinja yana zaune a mota hayaƙi zai same shi. Ba a taɓa kwashe tokarta duka ba. Ya ce min a ƙasan akwai tokar nasa maigidan, a kai tasa ta hau. Da idonsa ya raunana sai ya kama hannuna ya kai ni gaban Sarkin Fawan yankinmu, ya ce daga yau wurin na Ilu ne. Sarkin Fawa ya sa albarka, ya kuma tuna min ƙa'idar da kowane mahauci ya sani: wurin tukuba ba gado ba ne, aro ne. Tukubar da ta yi wata cur ba hayaƙi, an ba wani. Na ce ranka ya daɗe, ni da raina da lafiyata tukuba ta yi wata ba hayaƙi? Har 'yar dariya na yi.

Na yi zamani a gindin tsamiyar nan. A can na yi aure, a can na gina ɗan gidana, a can na yaye yara da dama. Wanda ya fi daɗewa a hannuna shi ne Sale. Shiru-shiru ne, hannunsa da tsabta, kuma na wahalar da shi da tsinke fiye da yadda aka wahalar da ni, don a ganina haka ake yi. Da ya isa na sallame shi, ya kafa tasa tukubar a tsallaken titi, wuri mai rana, ba inuwa ko ta sisi. Kullum da safe sai ya tsallako ya durƙusa ya gaishe ni kafin ya hura wuta.

Sai ga shekarar da aka rufe iyakar Nijar. Shanun da ke cika kasuwar Mai'adua suka ɗauke, waɗanda aka biyo da su ta daji kuwa kuɗinsu sai dai ka ji ka yi salati. Mai ya yi tsada, matafiya suka ragu. Mutum ya tsaya gabanka, ya shaƙi hayaƙi, ya karɓi ɗanɗano, ya tambayi kuɗin tsinke, ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. A kwata kuma masu ba mu nama da safe mu biya da yamma suka ce sai dai hannu da hannu. Sale ya duba ya ga kiɗa ya canza, sai ya koma gasa kaji da kayan ciki, yana kai wa ma'aikata har ofis idan sun kira shi a waya. Ya zo ya ba ni shawara in yi haka. Na ce masa ni Ilu, yaron Tanko, ba zan tsufa ina figar kaza ba. Na yi ta cin jarina ina jiran a buɗe iyaka, har ranar da na wayi gari ba ni da abin sayen ko ƙafar akuya. Tukuba ta yi sanyi. Aka yi mako, aka yi biyu, aka shiga na uku. Sarkin Fawa ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Ilu, wata ya kusa fa. Mutane sun dame ni a kan wurin nan, ni kuma kunyar Tanko nake ji." Na ce ya ƙara haƙuri, ina da dabara. Ba ni da ko ɗaya.

A cikin kwanakin ne ɗan ƙanwata Nura ya kira wayar 'yata Safiya, irin kiran da ake ganin juna. Nura ya daɗe a ƙasar Sifen, a wani yanki da ya ce ana kira Bask, yana wanke kwanuka a wani wuri da uwarsa ta sani a matsayin gidan abinci. Ni dai na hango kwalabe a bayansa, ban ce komai ba. Ya ce, "Kawu, bari in nuna maka 'yan uwanka masu tsire." Ya juya wayar. Sai ga wani dogon kanta cike da farantai, kowane an jera masa 'yan abubuwa loma-loma: yankan burodi, a kai ɗan kifi ko ɗan nama ko wainar ƙwai, da zaitun da tattasai, an soke su da tsinken sakace.

Na ce, "Wannan na yara ne?"

Ya ce, "Na manya ne, Kawu. Finco suke ce masa, ma'anarsa abin da aka soke da tsinke, ka ga ai tsire ke nan. Kowane iri kuma da sunansa, kamar yadda kuke da balangu da kilishi. Mutum ya shigo, ya ɗauka da hannunsa, ya ci ɗaya ko biyu a tsaye, ya wuce shago na gaba ya ci wani. Shi ma yawon suna gare shi, cikiteyo."

"Kuma da wannan lomar mai shagon yake ci da iyalinsa?"

"Kawu, motarsa biyu."

Daren nan ban runtsa da wuri ba, kaina ya yi ta aiki, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba alamar alheri ba ce. Na ce matsalar mutanen Daura ba ƙin nama ba ce, tsinke guda ne ya fi ƙarfin aljihunsu. To idan aka mayar da tsinken loma, kuɗinsa ya zama na goro, wa zai kasa? Rago ɗaya zai cika farantai. Turawan da suka ƙera jirgin sama ba za su yi abin banza ba.

Rago kuwa akwai shi a gidana, sai dai ba nawa ba ne. Na mai ɗakina ne, Indo. Tun yana ɗan ƙarami ta saye shi da kuɗin ƙullin gyaɗarta, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa, tana jiran Babbar Sallah ta sayar. Shi ne jarinta kaf. Na same ta tana tankaɗe, na zauna na yi mata bayanin Bask tun daga farko har ƙarshe, har da motoci biyun.

Ta ce, "Malam, su mutanen can sun san ka?"

Na ce ba su san ni ba.

"To ka taɓa cin abin?"

Na ce na gan shi da idona.

Ta juya ta dubi ragon. Can ta ce, "Idan don tukubar Baba Tanko ce, ɗauki. Amma ka yi tsiren da ka iya."

Na ce to. Wannan "to" ɗin irin ta maza ce, wadda ba ta wuce zaure.

Ranar Juma'a da sassafe na yanka ragon nan na feɗe shi. Ban ware ko cinya ɗaya don tsire na gaske ba, don a lissafina wanda zai yi abu ya yi shi gaba ɗaya. Na gasa naman a tsanake, da marke mai kyau, kuma wallahi ban taɓa gashin da ya kai na ranar ba. Na yayyanka shi loma-loma. Na sayo burodi da tumatir da albasa da tsinken sakace na kanti. Zaitun ya gagara a Daura, na sa gauta a madadinsa. Na aro manyan farantan biki a maƙwabta. Wani faranti tsoka a kan burodi, wani hanta da kitse da albasa, wani ƙoda da gauta. Har sunaye na raɗa musu a zuciyata, na ce in an tambaya wannan ɗan Sifen ne, wancan kuma sa-maza-tsayuwa. Bayan la'asar na jera su a kan tebur gaban tukuba, na ja da baya na harɗe hannu, yadda na ga Baturen mai shagon can ya yi a waya. Nura ya ce mutum da hannunsa yake ɗauka, to ba ni zan ɓata tsari ba.

Wanda ya fara zuwa Malam Hudu ne. Ya tsaya, ya dubi farantan, ya dube ni, ya ce, "Ikon Allah! Ilu, ka dawo ke nan? Ɗanɗano har da burodi?" Ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki. Ya matsa faranti na biyu ya ɗauki wani. Na matso zan ce masa na kuɗi ne, sai na tsaya na duba. Abin da ke hannunsa loma guda ce, an dangwala mata yaji, an ajiye a faranti gaban tukuba. Ni kaina da na sake kallonta da idon mutumin Daura, na rasa sunan da zan kira ta da shi in ba wanda ya kira ba. Ya lumshe ido ya ce, "Yau kam gishiri ya ji." Ya juya ya ƙwala wa tasha kira, "Jama'a, Ilu ya dawo da ƙarfinsa!"

Bayansa sai ga wani dattijon malami, sa'an mahaifina, wanda ya saba sayen balangu a wurina tun zamanin Baba Tanko. Ya yi bismillah ya ci ɗaya, ya ɗaga hannu ya yi min addu'a doguwa, ya roƙa min buɗi, ya roƙa wa Tanko rahama. Jama'a suka shafa, ni ma na shafa. Ku gaya min, wane baki ne zai ce wa wannan bawan Allah kawo kuɗi?

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Direbobi, yaran mota, masu facin taya, fasinjojin wata mota da ta taso daga Sandamu, kowa ya miƙo hannu. Kuma babu wanda ya yi rashin ladabi, kowa ɗaya yake ɗauka a faranti, sai dai farantan da yawa, mutanen sun fi su yawa. Na yi ta maza na ce wa wani direba, "Ai na sayarwa ne." Ya ce, "Mun sani mana, Baba, mun ɗanɗana kuma ya yi. Yanzu kawo na gasken, ka haɗa min da tozo." Ya zaro kuɗi. Na ce ai shi ke nan abin, wannan da ya ci. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce Baba Ilu ba ya tsufa da barkwanci. Ya leƙa tukuba ya ga wuta tana ci ba ko tsinke ɗaya a kafe, ya ce to in ya gasu a kira shi. Ya tsallaka titi wurin Sale, da kuɗinsa a hannu da yunwar da na tayar masa. Haka suka yi ta yi, su ci a tsaye su wuce na gaba, daidai yadda Nura ya ce ana yi a Bask. Ko tsinken bai tashi a banza ba, da shi suka yi sakace bayan sun ci kajin Sale. Kafin rana ta faɗi Sale ya sayar da komai har ƙafafun kaji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saura loma ɗaya a farantin ƙarshe sai ga Sarkin Fawa, ya ji labari ya zo ya ga hayaƙi da idonsa. Ya ɗauka ya ci, ya gyaɗa kai, ya ce hannun Tanko bai mutu ba. Sannan ya dubi tukuba, ya dubi ƙarƙashin tebur, ya ce, "Ilu, ina naman?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu ka cinye na ƙarshe."

Mahauci ne, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya dubi tsinkayen da suka cika ƙasa. Sai na ga ya sa hannu a aljihu. Kafin ya zaro, bakina ya riga ni, na ji kaina ina cewa, "Haba ranka ya daɗe, ɗanɗano ne." Ya mayar da hannunsa. Ya juya ya tafi, kafaɗunsa suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko tari.

Na kwashi farantan mutane na nufi gida. Indo tana tsakar gida ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yaya kasuwa?" Na ce an sha addu'a. Ta dubi farantan, an share su tas, ta dubi fuskata. Ta ce, "To Allah ya karɓa. Fatar fa, ita ma an ɗanɗana?" Na ce tana nan. Ta ce in kawo mata abarta. Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma na fi son a ce ta zage ni. Kunyar da na ji a tsakar gidan nan ta fi ta tasha nesa ba kusa ba. Da Nura ya sake kira ya ji abin da ya faru, ya ce, "Kawu, ai su a can kowa ya san na kuɗi ne." Na ce masa ai mu ma a nan kowa ya san na kyauta ne, ni kaɗai na manta.

Daga ranar aka yi wata cur ba hayaƙi. Sarkin Fawa ya turo min ɗan aike, cikin mutunci, cewa ya ba da wurin. Na tambayi ɗan aiken wa aka ba, ya sunkuyar da kai ya ce Sale ne ya nema. Wannan ta soke ni. Na ce a raina duk masu layi a kan tsamiyar nan a rasa mai karɓe min sai yaron da na koya wa riƙon wuƙa. Na daina bi ta tasha, in zan je kasuwa sai in zaga ta bayan gari.

Wata safiya na ji sallama. Na fito na tarar da Sale a zaure, ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda ya saba. Muka gaisa a daƙile, daga ɓangarena. Ya ce, "Baba, na zo neman alfarma. Wurin nan ya fi ƙarfina, ga kaji ga tsire, hannu nake nema. Kuma da na bari wani bare ya karɓa, kwashe tokar zai yi ya kafa waya. Ban hura wuta ba tukuna, na ce sai ka zo." Na gane sarai abin da yake nufi, aiki yake ba ni, na yini, irin wanda ake biya da yamma. Na gyara zama na ce zan yi tunani. Daga bayan ƙofa Indo ta ce, "Ya gama tunanin, Sale. Tunaninsa ne ya kawo mu nan."

Yau shekaru ke nan ina yanka a gindin tsamiya, nama na Sale, wuƙa tawa. Har kaza na iya figa, kuma ba abin da ya ragu a jikina. Mutanen gari har gobe tukubar Ilu suke cewa, Sale bai taɓa gyara wa kowa ba. Ranar nan wani baƙon Alhaji ya tsaya sayen tozo, ya ga Sale yana ta kai da kawo, ya ce min, "Baba, wannan yaron naka yana da ƙoƙari, ka riƙe shi da kyau." Na dubi Sale. Sale ya russuna ya ce, "Yana riƙe da ni, Alhaji." Idan an kira magariba sai ya zaga bayan tsamiya, ya naɗe min ɗan balangu a takarda, ya cusa kuɗin yinina a ƙarƙashin naman, ya miƙo min da hannu biyu a gaban kowa, kamar mai wuri ne zai tafi da na yara. In na isa gida Indo ce take kwancewa. Ta zare kuɗin, ta kaɗe yajin da ya manne musu, ta sa a ɗankwalinta, ta turo min naman.